Amshin da Aka Ƙarasa wa Bara'atu

Idan ka shiga ƙauyukan Kwandiko ka ce kana neman Bara'atu mawaƙiya, za a dube ka a ce ba a san ta ba. Amma ka ce Bara'atu 'yar amshi, ko tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi sai ta miƙa hannu ta nuna maka gidan. Ita kanta ba ta taɓa yarda a kira ta mawaƙiya ba. Cewa take yi mai waƙa daban, mai amsawa daban, kuma ita Allah bai ɗora mata fara magana ba, amsawa ya ɗora mata.

Tun tana amarya a gidan Malam Jafaru ta shiga kiɗan ƙwarya, irin wanda mata ke yi a cikin gida ranar biki ko suna. A cika babban kwano da ruwa a kife ƙwarya a ciki, a jera ƙananan ƙore a ƙasa, mata su zagaye su da 'yan sanduna. Uwar waƙarsu Kubra ce, doguwa, baƙa, mai wushirya, wadda ba ta iya ganin abu ta kau da kai. Kubra ta jefa baiti, Bara'atu da sauran su cafe. Muryar Bara'atu siririya ce mai kaifi, ita ke fita saman ta kowa, har maza da ke zaune a ƙofar gida suna yin kamar ba sa saurare su ce, “Ga ta Jafaru nan.”

Su ma suna yabon amarya da uwar ango, ba wai ba sa yi ba, ai da haka ake cin tuwon biki. Sai dai Kubra ba ta tashi daga wuri sai ta taɓo abin da ke damun gari. Ta yi wa takin zamani waƙa shekarar da aka raba buhu ɗaya ga unguwa guda, kowa ya zo da kwanon sha ya karɓi rabonsa. Ta yi wa malamin makarantar da ba a ganin keyarsa sai ƙarshen wata. Ta yi wa mazan da ke tafiya cirani su dawo da rediyo da tari, ba ko turmin atamfa. Ba ta kama suna, amma wanda aka yi dominsa ya san kansa, matarsa ma tana cikin masu tafi. An sha aiko mata da goro daga gidan mai unguwa a ce ta sassauta. Takan raba goron ga 'yan amshinta, a biki na gaba ta ƙara baiti biyu.

Mutanen Bara'atu asalinsu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma. Fulatancin ya tafi tun zamanin kakanni, amma ya bar musu kunyar. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Da Bara'atu ta haifi 'yarta ta fari aka sa mata Hapsatu, ana yaye ta uwar Jafaru ta ɗauke ta. Yarinya ta tashi a ɗakin kakarta, katanga ɗaya tsakaninsu, tana kiran uwarta Adda kamar wata yayarta. Bara'atu kuwa in ta kama dole sai ta ambace ta, “waccan” take cewa, ko “'yar ɗakin Goggo.” Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta ƙaunarta. Amma duk ranar da ta kaɗa nono, akwai ɗan curin man shanu da take ajiyewa a kan katangar nan ta wuce ba ta ce komai ba, kuma ba a taɓa tambayar na wane ne ba.

Hapsatu ta yi aure a cikin ƙauyen, ta sami ciki, haihuwa ta zo a tsakiyar marka. Tun da hantsi ungozoma ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta ce a nemi asibiti. Tsakanin ƙauyen da titin mota akwai rafi, da rani yashi ne zalla, yara na wasa a ciki, da damina kuwa sai ya cika ya batse. Shekara guda kafin nan wasu mutane sun zo da mota lokacin neman ƙuri'a, suka auna rafin da igiya, suka kafa turaku, suka ce gada ta zo ta gama. Mata har da guɗa.

Aka ɗora Hapsatu a amalanken shanu. Bara'atu ta bi su, amma daga baya can, don uwa ba ta zama a kan 'yar fari tana naƙuda, wannan aikin gwaggo ne da maƙwabta. Da aka isa bakin rafi shanu suka shiga, ruwa ya kai musu wuya, suka ja da baya. Aka tsaya jiran ruwa ya janye. Bara'atu tana tsaye a gindin wata kanya, tana hango zannuwan matan da suka kewaye amalanken, tana jin muryar 'yarta na neman ruwan sha. Ƙafarta ta ɗaga sau nawa, kunya ta mayar da ita. Kafin la'asar aka ja zane aka rufe Hapsatu, da ita da abin da ke cikinta. Sai a lokacin Bara'atu ta matso.

A zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Ita ke zuba wa baƙi abinci, ita ke kai ruwa, in an yi mata gaisuwa ta ce, “Sai haƙuri,” kamar 'yar maƙwabta ce ta rasu. Tsofaffi suka yi ta yaba mata, wai ta san gidan da ta fito. Ni dai ban ga abin yabo a nan ba, abin tausayi na gani. Mace ta haɗiye wuta a bar ta da ita, a ce ta yi kyan hali.

Kubra ce kaɗai ba ta yaba ba, ba ta kuma ce mata komai ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sai da aka yi kaka, a bikin farko da aka kira su, an gama yabon amarya, ƙwarya ta yi zafi, Kubra ta sauya kiɗa zuwa wani mai nauyi wanda ba su taɓa ji ba. Ta dubi Bara'atu ta ba ta amshi: “Mun gode, Allah ya saka.” Bara'atu ta karɓa, ba ta san inda aka nufa ba. Sai Kubra ta fara.

An zo da mota an yi mana albishir.
Mun gode, Allah ya saka.
An auna rafi, an kafa turke.
Mun gode, Allah ya saka.
Turke ya yi ganye, akuya ta cinye.
Mun gode, Allah ya saka.

Mata suka fashe da dariya, don kowa ya ga turakun nan da suka tsiro. Kubra ba ta yi dariya ba, ta ci gaba.

Amalanke ya zo, shanu sun ja baya.
Mun gode, Allah ya saka.
Ta nemi ruwan sha, ga ruwa har wuyan shanu.
Mun gode, Allah ya saka.
Hapsatu ta Bara'atu ba ta haye ba.
Mun gode, Allah ya saka.

Dariya ta ɗauke. Bara'atu ta ji sunan da ba ta taɓa furtawa ba an haɗa shi da nata a bainar jama'a, kuma ba damar ta yi shiru, don in 'yar amshi ta yi shiru waƙa ta faɗi. Ta amsa. Hawaye na zuba har cikin kwanon ruwan da ke gabanta, tana amsawa. Ba mai iya cewa ta yi rashin kunya, ai a bakin aiki take. Ranar ta yi wa 'yarta kukan da aka hana ta.

Gwanintar waƙar tana wurin da Kubra ta yanke amshin. Bahaushe in ya ce “Allah ya saka maka da alheri,” godiya ce. In ya ce “Allah ya saka mana,” ƙara ya kai wurin Ubangiji. Kubra ta tsaya a kan “saka,” ba ta ƙara ko harafi ba. Da an kai nan sai ta ɗaga sandarta, duk ƙore su yi tsit na numfashi ɗaya, sannan a sauke duka guda. A cikin shirun nan kowace mace take ƙarasawa a zuciyarta. Wata matar kansila ta taɓa tsayar da ita a wani biki a Gwaram ta ce, “Ke Kubra, ki riƙa ƙarasa addu'arki mana. Ya saka da me?” Kubra ta ce, “Hajiya, ni ƙara na kai, ba ni ce alƙali ba. Mai sakayya ya san abin da kowa ya shuka.” Hajiya ta ɗauki mayafinta ta fita ba ta ci shinkafar bikin ba.

Waƙar ta yi tafiya da ƙafarta, ba rediyo ba kaset. Aka ji ta a Maruta, aka ji ta a Sundimina, mata na daka da ita. Masu neman ƙuri'a in sun zo ƙauyen suka fara jero alkawura, sai a ji muryoyi daga bayan zana, “Mun gode, Allah ya saka,” sai shiru. Maza su sunkuyar da kai suna danne dariya, baƙi su rasa inda za su sa fuska. Gada dai ba a gina ba. Amma an daɗe ba a sake samun mai ƙarfin halin tsayawa a dandalin nan ya ambaci gada ba, kuma a wurin talaka ko a daina yi masa ƙarya ido da ido ma wani abu ne. Ita kuwa Bara'atu, abin da ta samu ya fi gada a wurinta. Duk bikin da aka je sai an kira sunan 'yarta, ita kuma ta amsa.

Haka aka yi shekaru, har duniya ta fara sauya musu. Da farko wasu malamai suka ce kiɗan mata bai dace ba, wasu gidaje suka daina kira. Waɗanda ba su ji wa'azin ba kuma sai dije, mai saka kiɗan inji, ya ɗauke su. Yaro ɗaya da lasifika biyu da janareta ya fi mata takwas sauƙin ciyarwa, kuma ba ya taɓa kowa. Waƙoƙin da yake sakawa iri biyu ne. Ko dai wani na rantsuwa zai mutu in wata ba ta dube shi ba, ko kuma ana wasa wani mai neman kujera, ana ce masa giwa, ana ce wa abokin takararsa jaki. In zaɓe ya wuce giwar ta koma jaki, jakin ya zama giwa, murya ɗaya ce take yin duka biyun. Taki bai daina tsada ba, rafi bai daina cika ba, asibiti bai matso ba, amma ka saurari waƙoƙin nan daga safe har yamma ba za ka san ana ciwo a ƙasar ba.

Kubra ta rasu bayan doguwar jinya. 'Yan amshi suka watse, wasu mutuwa, wasu ciwon ƙafa. Babbar ƙwaryar kiɗa ta koma wurin shanya kuka. Malam Jafaru ma ya bi, kakar da ta yi riƙon Hapsatu tuni ta riga su. Mijin Hapsatu ya yi wani auren, ya tara iyali, ba laifinsa ba ne. Ƙannenta suna ƙanana lokacin da ta rasu, sai dai su ce “Yayarmu mai rasuwa.” Babu hotonta ko ɗaya. Wata rana Bara'atu na tsince wake a tsakar gida ta tsaya ta yi lissafi, ta ga tun rasuwar Kubra kunnenta bai sake jin sunan ba. Ta san waƙar baiti-baiti, ko cikin barci aka tashe ta za ta kawo ta. Amma baitin da sunan yake ciki ba nata ba ne, bakinta bai taɓa ɗaukarsa ba. Tsoro ya kama ta, ba na mutuwa ba, na ta mutu da waƙar a cikinta, a wayi gari kamar ba a taɓa haihuwar yarinyar nan ba.

Kubra ta bar jika, Musaddiq, wanda ya buɗe situdiyo a Birnin Kudu yana haɗa waƙoƙi da fiyano da kwamfuta. Ba mugun yaro ba ne, yana da fara'a, kuma duk sanda ya zo ƙauye da kayan sautinsa sai ya leƙa ya gaishe ta, su yi wasan jika da kaka. A irin wannan zuwan ne ta tare shi.

“Maigidana, ka tsufa ba ka ajiye mini komai ba,” in ji ta. “To ga aiki. Waƙar kakarka ta rafi nake so a sa a cikin injin nan naka, yadda ko na mutu za a ji.”

“Amaryata, ai ko waƙa goma ce,” in ji shi. “Ina jin ana labarinta, ban taɓa jin ta sosai ba. Ki zo kawai. Akwai Jannat da ke yi mini waƙa, muryarta kamar sarewa, ita za ta hau wurin Inna Kubra.”

Wannan ya kwantar mata da hankali. Wata za ta ja baiti, ita ta amsa, kamar yadda aka saba.

Da rani ya yi ta hau bayan babur, suka ratsa yashin rafin, ta kau da kai daga kanyar, ta shiga mota a bakin titi har Birnin Kudu. Situdiyon ɗan ɗaki ne a bayan wani shagon gyaran waya, an manna katifa a bango. Musaddiq ya sa mata wani abu a kunnuwa, ya tsayar da ita gaban makirfo, ya ce ta fara yin amshin ita kaɗai.

“Ni kaɗai? Wa zan amsa wa?”

“Haka ake yi yanzu, Inna. Kowa ya yi nasa daban, inji ya haɗa.”

Ta ga abin banbaraƙwai, mutum ya amsa sallamar da ba a yi ba. Amma ta rufe ido ta kira Kubra a ranta, ta amsa. Muryar ta tsufa, ta ɗan dushe, sai dai kaifin yana nan. Musaddiq ya cire abin kunnensa ya ce, “Kai! Inna, wannan murya ai zinariya ce.” Ya sa ta maimaita har ya gamsu. Ya tambaye ta me ya sa take tsayawa bayan “saka,” ko numfashi ne ke yanke mata. Ta ce a'a, haka kakarsa ta gina ta, wurin a bar shi fili. Ya ce to, yana duban kwamfutarsa.

Sannan aka zo koya wa Jannat baitoci. Yarinya ce kyakkyawa mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna da waya a hannu. Bara'atu ta faɗi na mota, ta faɗi na turke, Jannat ta yi dariya ta ce wannan ya yi. Ta faɗi na amalanke, ta faɗi na ruwan sha. Da ta zo kan baitin ƙarshe sai harshenta ya ƙi. Ta buɗe baki ta rufe. Ta ce, “Sai a ce wance ta Bara'atu ba ta haye ba.”

“Wance wa, Inna?” in ji Jannat.

“Waccan dai. Ta ɗakin Goggo.”

Jannat da Musaddiq suka dubi juna. Su 'yan zamani ne, iyayensu na kiran sunansu gatsal tun suna zanen goyo, ba su gane abin da ya tsaya mata a wuya ba, ita kuma ba ta iya yi musu bayani ba, don bayanin ma wata rashin kunyar ce. Ta ce a tambayi tsofaffin ƙauye, akwai sauran waɗanda suka sani. Jannat ta ce a hankali, “Yaya Musaddiq, wannan fa waƙar mutuwa ce. Wa zai sa ta a biki? Kuma ka san masu ba mu aiki, in suka ji maganar turke za su ce da su ake.” Musaddiq ya sosa keya ya ce za a duba, Inna ta koma gida ta huta, in an haɗa zai kawo mata har ɗaki. Ya saya mata lemo da burodi, ya sa ta a mota.

Ta jira. Damina ta zo ta wuce, rafi ya cika ya janye. In ta aika a tambaye shi, ya ce ana kan aiki. Ba ta matsa ba, ta san abin inji sai a hankali.

Ranar da ta ji waƙar, tana zaune tana tsefe wa jikarta kai da yamma. Lokacin neman ƙuri'a ya sake zagayowa, motocin wani Alhaji Ɗanbala mai neman kujerar majalisa suka ratso yashi suka shigo ƙauye, a-kori-kura a gaba ɗauke da lasifikoki. Kiɗan fiyano ne mai sauri, irin na rawa. Muryar Jannat ta tashi tana cewa Alhaji ruwan sama ne, Alhaji inuwar marayu. Sai wata tsohuwar murya siririya ta amsa, “Mun gode, Allah ya saka.” Kafin Bara'atu ta gama gane muryar wace ce, a daidai wurin da ƙore ke yin tsit, muryoyin 'yan mata suka faɗo da daɗi, “da alheri!”

Tsinken tsifa ya faɗi daga hannunta. Ta yafa mayafi ta fita, ba ta ko nemi takalmi ba.

Dandali ya cika. Matasa na rawa, mata sun fito ƙofar gida suna tafi, wasu na nuna ta suna murna, “Ga mai muryar nan!” Musaddiq na tsaye a bayan a-kori-kura kusa da janareta. Da ya hango ta ya diro da fara'arsa.

“Amaryata! Kin ji ki? Tun daga Birnin Kudu har Gwaram ba wayar da ba ki ciki. Na so in zo in ba ki mamaki.”

“Musaddiq,” in ji ta, kuma rabon da ta kira shi da sunansa tun yana rarrafe, “wa ya ce ka cike wurin nan?”

“Wane wuri? Au, shirun? Inna, ai rami ne a cikin kiɗa, mai rawa sai ya yi tuntuɓe. Kuma addu'ar ba ta cika ba, na cika miki ita. Godiya ai godiya ce.”

“Ba godiya ba ce.”

“To mene ne? ‘Mun gode’ fa kuka ce.”

Ta dube shi, ta ga da gaske yake tambaya. Da ma mugunta ya yi, da ta san abin da za ta ce masa. Jikan Kubra ne, goshinta ne a fuskarsa, amma kunnen bai gada ba. Ya ga ranta ya ɓaci, ya rage murya ya ce, “Inna, ki yi haƙuri. Mutane sun gaji da kuka, abin da zai sa su manta suke so. In na saki waccan yadda take, ba mai sake ba ni aiki. In kiɗa ya sauya, ai rawa ma sai ta sauya.”

Ana cikin haka janareta ya yi tari ya mutu, kiɗa ya ɗauke, masu rawa suka tsaya da ƙafa a sama suna ƙorafi. Musaddiq ya ruga ya duba. Dandali ya yi shiru irin wanda Bara'atu ta daɗe ba ta ji ba.

Ba ta shirya ba. Ta dai ji bakinta ya buɗe, ita da ba ta taɓa fara waƙa ba tun da take.

“An zo da mota an yi mana albishir.”

'Yan mata suka juyo da murna, ga mai waƙa da kanta. Suka amsa baki ɗaya, da tafi, yadda suka koya a waya: “Mun gode, Allah ya saka da alheri!”

Ta ɗaga hannu don su tsaya a inda ake tsayawa, suka ɗauka rawa take, suka ɗaga nasu. Ta ja na turke, suka amsa da alheri. Ta ja na amalanke, suka amsa da alheri. Ta ce ta nemi ruwan sha ga ruwa har wuyan shanu, suka amsa da alheri, har da guɗa. Wasu tsofaffi biyu da ke bakin zana ne kawai suka gane, ɗaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Bara'atu ta zo kan baitin ƙarshe. Ta duba hagu da dama, ba Kubra, ba wanda zai ɗauke mata. Ta haɗiye kunyar gidansu gaba ɗaya, ta ɗaga murya yadda har na bayan mota sai da ya ji.

“Hapsatu ta Bara'atu ba ta haye ba.”

“Mun gode, Allah ya saka da alheri!”

Sunan ya fita. Ta tsaya tana haki, bakinta na ɗaci, tana jin kamar ta tuɓe zane a kasuwa. Janareta ya tashi, lasifika ta dawo da Alhaji inuwar marayu, taro ya juya ya koma rawarsa.

Wata matashiya mai goyo, Nasiha, amaryar da aka kawo unguwar daga Maruta bara, ta matso tana share gumi, fuskarta cike da murna. Ta sa baki kusa da kunnen tsohuwar saboda ƙarar kiɗa.

“Inna, wallahi kin iya. Amma wace ce Hapsatun? Uwargidan Alhaji ce?”

Bara'atu ta daɗe tana dubanta. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

“'Yata ce. Ta fari.”

“Allah sarki, ashe kina da babbar 'ya,” in ji Nasiha, tana gyara goyo, ƙafarta ta riga ta fara bin kiɗa. “To in kun yi waya a gaishe ta.”

Bara'atu ta ce, “Za ta ji.”